Waken Hajara

A gidana na Maitumbi ba a taɓa barin wake ya yi ƙwari ba. To, shekarar da autata Hajara za ta gama karatun noma, na shiga share ɗakinta, sai ga kwalabe jere da wake, ƙwari na yawo a ciki. Na ce, "Abin da boko ya koya mata ke nan, ƙazanta!" Na juye su duka a tabarma cikin rana, na zauna gadi da mafici har suka watse.

Da ta dawo sai ta durƙushe. "Inna, ƙananan zanzaro ne masu kashe ƙwarin wake! Na Kagara daban, na Sakkwato daban, ina gwada ko za su hayayyafa da juna. Jarrabawata ke nan!"

Na daure fuska na ce, "Amma ai waken ya yi kyau."

Ta yi kuka har ya koma dariya. Ni na raka ta Kagara neman wasu, rungume da kwalba.

Yau har ta aurar da 'ya, amma ko sauro ya gifta sai ta ce, "Inna, kada ki kashe, jikan waɗanda kika haɗa aure ne."