Hatsin da Na Shuka wa Zabbin Kona

Ni ne mai zama bakin shagona a Tasawa ina cewa mutane tumaki ne, inda ɗaya ya bi nan kowa ke bi. To, wata bazara, ana jiran ruwan fari, na hau moto, wato babur, na je Kona duba gonarmu ta gado. Ina shiga gari na hangi maza sun fito ayari, kowa da hauya a kafaɗa. Sama fes take, amma na ce jama'a haka ba za su ɓata tare ba. Lalle binne za su yi, shukar busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ni kaɗai za a bari a baya.

Ban tambayi kowa ba, kada a ce zaman birni ya mantar da ni noma. Na kwashe irin hatsin da Kawu Idi ke ajiye mini, na wuni da sungumi cikin rairayi, ina waige. Ba kowa a gonakin maƙwabta, sai hankalina ya ƙara tashi: ashe har sun gama.

Da marece na ba Kawu labari, sai ya ce, "Ɗana, shingen maƙabarta muka je gyarawa."

Ruwa bai zo da wuri ba. Zabbin gari suka tone irin tas.

Har yau, duk damina in na je, matar Kawu takan miƙo mini ƙwan zabbi a ƙwarya, ta ce, "Amshi, Alhaji, amfanin gonarka ne."