Yadda Na Ɗura wa Ɗan Ladidi Madarar Hussaina

Ko tsufa ya kama ni har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa ba da wani biki da aka yi a ƙauyenmu na bayan Minjibir, a shekarun nan da kwanon gero ya fi ƙarfin wanda ya noma shi.

Ƙanwata Rabi ce ta haifi tagwaye, Hassana da Hussaina. Uwar da ita kanta ba ta ƙoshi, ina za ta samo ruwan nonon da zai ishi baki biyu? Sai aka koma karɓa-karɓa: in wannan ta sha nono, waccan ta sha madarar gwangwani a fida. Sai da mijinta ya sayar da tunkiya kafin gwangwani ya shigo gidan. Hussaina ce 'yar firit ɗin cikinsu, in yunwa ta kama ta ko kukan kirki ba ta iyawa, kuma a asibiti an ja wa Rabi kunne kada yarinyar ta wuce awa uku ba ta sha ba.

Sai ga ni daga Ungogo, na zo taya reno, ina tafe da filas da waya mai ƙararrawa da kai kamar tukunya. Na ce a bar min lissafin lokaci, wai ni na san harkar asibiti. (Gaskiyar magana, awara nake soyawa a ƙofar wani asibiti, iyakar ilimina abin da ya faɗo ta taga ranar awo.) Amma a ƙauye sai na zama Nas, kuma ban taɓa cewa a daina kirana haka ba.

Ba wadda ban raina ba. Wadda ta fi shan baƙar maganata ita ce Ladidi, maƙwabciyar Rabi, mai wani ɗa tuɓul-tuɓul sa'an tagwayen. Da ya motsa sai ta cusa masa nono. Har a gaban mutane na ce mata, "Ke dai Ladidi ba ki da maraba da akuya. Yaro ba a ba shi sai agogo ya ce." Ta yi murmushi kawai ta gyara zaninta.

Ranar bikin ɗan kawunmu, madarar da ta rage a gwangwani ta sha ɗaya ce, sai washegari mijin Rabi zai shiga kasuwa ya ga abin da Allah zai yi. Rabi ta goya Hassana ta tafi wurin tuƙa tuwo, ta bar min Hussaina. Ta ce, "Yaya, ita kenan fa, don Allah ki kula." Na ce kada ta koya min aikina.

To, mutanenmu da anko! Ana kukan babu, amma sai da kowace ta yi. Tela kuma ya tattara ƙyallayen da suka saura ya ɗinka wa jarirai riga da hula iri ɗaya. Aka zizara wa kowanne kwalli har gira, aka jera su a gadon uwargida kamar doya a kasuwa. Na kwantar da Hussaina ta jikin bango, na fita kallon kayan ɗakin amarya, ina taɓe baki ina cewa a Ungogo ko 'yar aiki ba a kai wa irin waɗannan kwanukan.

Ƙararrawa ta buga. Na miƙe da sauri yadda kowa zai san Nas ta tashi aiki. Na kaɗa madarar, na kankare gindin gwangwanin tas, na shiga na sunkuci jaririn da ke jikin bango. Na ji nauyi kuwa. Maimakon in duba, sai na ce a raina, kai, tsarina ya fara aiki. Ban tsaya a ɗaki ba (ina, wa zai gan ni?), na fito tsakar gida na zauna a kan turmi, mata suka kewaye ni. Yaro ya kama fida yana zuƙa kamar bashi yake bin ta, ni kuma na buɗe makaranta.

"Kun gani ko? Yarinyar da da ƙyar take shan rabi. Wannan shi ne amfanin bin lokaci, ba irin renonku na gargajiya ba."

Ya shanye tas. Na ɗaga shi don ya yi gyatsa, tsumman da ke jikinsa ya zame, sai kawai wani fitsari ya yi tsiri sama ya sauka a ƙirjina, ya biyo ankon har cinya. Gwaggo Asabe, yayar babanmu, ta leƙo ta ƙara leƙowa, ta ce, "Nas, yaushe Hussaina ta zama namiji?"

Wayyo ni! Dariyar da aka yi har maza suka jiyo daga zaure. Ashe wata ce ta gyara wa nata ɗan wuri ta matsar da sauran. Ɗan Ladidi na ɗura wa madarar, shi da a ƙoshe ma yake. Da na ɗaga hular kawai da na ga ba huda a kunnen.

Dariyar ba ta daɗe ba, domin daga ɗaki muka fara jin wannan ɗan siririn kukan. Rabi ta taho da muciya a hannu, ta dubi fida, ta dubi gwangwani, ba ta zage ni ba. Da ma zagin ta yi. Yanzun nan Hassana ta gama tsotse abin da ke jikinta. Idonta ya cika da hawaye ta ce, "Yaya, me zan ba ta?"

Ladidi ce ta ratsa mata ta shiga ɗakin. Ta fito da Hussaina, ta zauna a tabarma, ta yi bisimilla ta sa mata nono. Yarinya ta kama ta yi shiru. Gwaggo Asabe ta ɗaga murya ta ce, "Ku shaida, daga yau Hussaina da yaron nan 'yan'uwa ne na shan nono, babu aure a tsakaninsu." Ladidi ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Rabi, ki riƙa aiko min da ita safe da yamma. Nawa yana da yawa."

Haka aka yi har Hussaina ta yi kumatu ta fara rarrafe. Ni kuwa ranar bikin ban kwana a garin ba, da ankona mai zarni na shiga motar Kano.

Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya: kafin in koya wa uwa yadda za ta ciyar da ɗanta, zan fara tabbatar da ɗan wa ke hannuna.