Ranar da Kaka Ta Ƙwace Kujerar Dogo

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce lokacin da Kaka ta turo ƙofar falo tana dogara sanda. Jikanta Dogo na zaune a teburin cin abinci, ya zuba wa kwamfuta ido, gumi na bin wuyansa duk da fanka na juyawa. Ranar ce ya fara aiki da wani kamfani daga gida, kuma shugabarsa ta ce kafin sha biyu ya saka wata manhaja da ake sarrafawa da rubutaccen umarni, ya turo aikin gwaji ta cikinta. Kaka kuwa shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin kwamfuta na wata jami'a kafin ta yi ritaya.

"...lafiya lau na kwana, tunda ba ka tambaya ba," in ji Kaka. "Maigida, wannan gumin na aiki ne ko na tsoro?"

"Tsohuwa, don Allah ki koma ɗaki. Abin nan ba na masu furfura ba ne."

"Da furfurar tawa na fi ƙarfinka. Miji har miji, dogo kamar falwaya, amma ɗan akwati ya sa shi zufa."

Ta matso ta gyara tabarau. Tana ganin baƙin allon rubuta umarni da fararen haruffa sai ta ji wani daɗi, kamar ta haɗu da tsohuwar ƙawa a hanya. Ta ga ya rubuta sunan manhajar sau tara, sau tara kuma kwamfutar ta ce ba ta san wannan umarni ba.

"Sau tara! Kai ko kurma ne ai ya ji. Ka sauko da ita?"

"Na sauko da ita."

"Ina ka ajiye ta?"

"A folda mana."

"Ka faɗa wa injin hanyar foldar?"

Dogo ya sosa ƙeya.

"Ka kawo baƙuwa ka kulle ta a ɗaki, sannan ka fito tsakar gida kana ƙwala mata kira. Tashi ka ba ni wuri."

"Ke? Kwamfutar zamaninku ai da itace ake hura ta."

"Da itacen muka fitar da sakamakon jarrabawar ubanka, kuma na ga abin da ya ci. Kada ka sa in tona. Tashi!"

Ya dubi agogo, saura minti talatin da biyar. Ya tashi. Kaka ta zauna, ta jingine sanda, ta ture ɗan ɓeran kwamfutar gefe da bayan hannu kamar ta ga ƙazanta.

"Ku ba ku iya komai ba sai jan ɓera."

Ta sa ya nuna mata fayil ɗin da baƙin allon yake karantawa duk lokacin da aka buɗe shi. Yatsunta sun ɗan ƙage, amma ba su manta wurin haruffa ba. Ta ƙara layi ɗaya mai nuna inda manhajar take, ta rufe tagar baƙin allon, ta buɗe sabuwa, ta rubuta sunan. Nan take bayani ya zubo ya cika allo.

"Kai!" in ji Dogo. "Sa'a ce kawai."

"Sa'ar da ka nema sau tara ba ta zo ba."

Sai ta fara buga umarnin tura aikin, harafi bayan harafi, mai tsawo kamar layin asibiti. A tsakiya ta yi kuskure, ta goge, ta sake. Dogo ya samu abin da yake nema.

"Haka za ki yi ta tsinta kamar kaza? Kafin ki gama an kore ni. Matsa ki ga aikin yaran zamani."

Ya sunkuyo ta kafaɗarta, ya kwafo wani layi daga takardar bayanin manhajar ya liƙa a fayil ɗin nan.

"Yanzu rubuta haruffa biyu kawai, ki danna wannan maɓallin na gefe, Tab. Shi zai ƙarasa miki sauran."

Ta rubuta, ta danna. Ba abin da ya motsa. Ta sake dannawa, shiru. Ta juyo a hankali ta dube shi ta saman tabarau.

"Na ga aikin yaran zamani. Ya yi kyau ƙwarai."

"Wallahi yana yi! Tsufanki ne ya tsorata shi."

"Ka rufe tagar ka buɗe sabuwa, malam injiniya? Yanzun nan a gabanka na yi."

Ya dafe kai. Aka rufe, aka buɗe. Kaka ta buga haruffa biyu ta danna, sai ga kalmar ta cika da kanta. Ta janye hannu da sauri. Ta buga wasu biyun ta danna sau biyu, injin ya jero mata duk abin da za ta iya zaɓa.

"La ilaha! Shekara talatin da ɗaya ina buga kowane harafi da hannuna har yatsuna suka lanƙwashe. Da na san aikin wannan ɗan maɓallin, da yanzu ina nan da kyauna, ban ƙare da miji irinka ba."

"To wa ya koya wa wani yanzu?"

"Rufe baki ka karanto min sauran."

Yana karantowa tana dannawa, har aikin ya tafi saura minti goma sha biyu. Ba a jima ba saƙon shugabarsa ya shigo: ta gani, kuma shi ne na farko cikin sababbin ma'aikata. Dogo ya sauke ajiyar zuciya ya zube a ƙasa kusa da ƙafafunta.

"Na sallama, Kaka. Kin fi ni. Yanzu ba ni kujerata."

"Wace kujera? Ban gama da Tab ba."

Ya yi dariya, ya jawo kwalin da kamfanin ya aiko masa, ya zaro sabon kofi ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta leƙa ciki, ta kife shi ta girgiza.

"Kofi ba shayi? Ko shi ma sai na danna masa Tab?"

Dogo ya karɓi kofin ya nufi kicin yana ƙyaƙyata dariya.