Ranar da na Jefi Akuya da 'Yan Kunnen Amarya

Ranar kasuwar Mayahi na leƙa rumfar Illo, mijin yayata, maƙerin azurfa.

Ya ce, "Ƙanena, tsare mani wurin nan, kada awaki su shigo. Bari in yi azahar."

Na ce ya tafi abinsa. Ni da na girma ina korar tsuntsaye a gonar gero, akuya ce za ta gagare ni? Wata ta doso, sai na hangi dunƙule-dunƙulen laka jere a rana, busassu, daidai hannu. Na farko ya same ta a ƙaho. Daɗin saiti ya ɗebe ni, har akuyar da ke wucewarta ta sha. Sai da na ƙarar da su tas.

Illo ya dawo, ya yi turus, carbi ya suɓuce masa. "Innalillahi! Ina lakata?"

Ashe cikin kowane dunƙule akwai 'yar zangarniyar gero da ya sassaƙa da kakin zuma, ƙwaya-ƙwaya. Gasa lakar zai yi, kakin ya narke, ya zuba azurfa a gurbinsa. 'Yan kunnen wata amarya ne, biki jibi. Da 'yan kunnen aro ta yi biki.

Har yau in na tunkaro rumfar, Illo ɗaga murya yake: "Ku ɓoye laka, ku bar awaki su shigo, ga mai gadi nan!"