Tafin Hannun Barmani

A wani daji da ke tsakanin kogi da duwatsu, an yi wata shekara da tsuntsaye suka daina yi wa kowa magana.

Da can aikin gadi nasu ne. In hayaƙi ya tashi daga nesa, ko maharbi ya shigo da karnukansa, su ke fara hangowa daga ƙololuwar itace, su yi kuka, kowa ya kwashi 'ya'yansa ya nemi mafaka. Ko sannu ba a ce musu. To, rannan sai majalisar dabbobi ta ga ya kamata ta saka musu da alheri. Ta ce kowace tsuntsuwa ta nuna inda sheƙarta take, domin a san wurin da za a tsare. Aka ɗora wa Guza da Tunku aikin zagayawa. Kafin sati biyu babu ƙwai ko ɗaya a dajin. Aka kafa kwamitin bincike, Tunku ne shugabansa, ya kuwa gano cewa ƙwai dama abu ne mai saurin ɓacewa. Tun daga nan tsuntsaye suka haye can sama suka yi gum. Da rani ya yi, gobara ta cinye gabashin dajin ƙurmus, ba wanda ya ji ko tari daga sama.

Da majalisa ta aika da ban haƙuri, ga amsar da aka sauko mata da ita: "Akwai wani kanari a cikinmu, Jatau, wanda ya tsero daga keji a cikin gari. Duk cikinmu ba wanda ya san hannu kamarsa. Ranar da muka ga ya hau hannun ɗayanku don kansa, ya kuma tashi sa'ad da ya ga dama, ranar za mu koma bakin aiki."

Majalisa ta ji rabin farko sarai. Rabi na biyun iska ce ta tafi da shi.

Aka nemi mai hannu, aikin ya faɗa kan Barmani, wata tsohuwar biranya da 'yarta ta mutu a gobarar ta bar mata jikoki biyu. Ita ba don majalisa ta karɓa ba. Tana so ne in wuta ta sake tashi a sami wanda zai yi ihu kafin ta iso kan jikokinta.

Jatau ɗan mitsitsi ne, yatsansa ɗaya na ƙafar hagu a karye, tun ranar da mai kejin ya cusa hannu ya fizgo shi don nuna wa baƙi. Ko ganye ya faɗi sai ya yi firgigit. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Barmani ta san da haka, shi ya sa ranar farko ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ajiye zangarniyar gero a kan dutse ƙarƙashin tsamiyar da yake kwana a kai, ta ja baya taku ashirin, ta zauna a karkace tana 'yan surutanta ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa kanta hira. Sai da ta yi kwana tara a haka kafin ya sauko ya ci tana wurin.

Kullum da hantsi tana matsowa taku ɗaya. In ta ga ya kwantar da gashin jikinsa ya buɗe baki yana haki, sai ta koma inda take jiya, ba ta jin an yi asara. Da tafiya ta yi tafiya ta fara riƙe zangarniyar da hannu, doguwa, shi yana can ƙarshe yana tsattsaga. Kowane sati tana ɗan rage tsawonta. Wata rana ya kai mata sara a yatsa har jini ya fito. Ba ta fizge ba.

Ranar ce ya fara yi mata magana. Ya ce, "Iya, me ya sa ba ki kama ni ba? Ai na zo kusa."

Ta ce, "Ɗan nan, dubi tafin hannuna. A buɗe ka same shi, a buɗe za ka bar shi. Ko ka hau ko ba ka hau ba, ba zai taɓa rufewa a kanka ba. Na yi maka alkawari."

Ya ce, "Alkawari kaya ne, Iya."

Ta ce, "Na saba da ɗaukar kaya."

A can majalisa kuwa haƙuri ya fara ƙarewa. Duk ranar Laraba sai Dila, magatakardan majalisa, ya zo ya tsaya mata a ka. "Iya Barmani, ya hau?" Ta ce yau dai ya ci gero tsakaninsa da yatsunta bai fi ɗani ɗaya ba. Dila ya taɓe baki ya ce ɗani ɗaya ba abin da za a sa a jawabi ba ne. Ta ce masa sannu ba ta hana zuwa. Ya ce haka ne, amma ita sannu ba ta da baƙin da za a gayyato.

A wata na uku, ran wata Asabar, ta kai yatsanta daidai ƙirjinsa ta ce, "Hau." Ya ɗora ƙafa ɗaya, ya janye. Ya sake ɗorawa, ya janye. A karo na uku ya ɗora mai karyayyen yatsan, ya tsaya, jikinsa na rawa kamar mazari. Bai fi ƙiftawar ido biyar ba ya tashi. Barmani ta zauna ta yi kuka, wallahi kukan daɗi, irin wanda rabonta da shi tun kafin gobara.

Kuskurenta ɗaya, ta gaya wa Dila. Kafin la'asar an sa ranar biki, an raɗa mata suna Ranar Amana, an aika wa dabbobin dajin ƙetare goron gayyata. Barmani ta je gaban Ɓauna, shugaban majalisa, ta durƙusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mini wata biyu. Yaron nan bai saba da taro ba. In kuma ba za a ɗaga ba, don Allah a bar ganguna a gida."

Ɓauna ya ce, "Iya, mun ji kokenki, kuma majalisa na girmama tsofaffi. Za a rage ganguna daga goma sha biyu zuwa goma."

Da ta fito Dila ya biyo ta, ya sassauta murya. "Iya, shawara ce ta ɗa da uwa. In tsuntsun nan ya tashi shugaba na tsakiyar jawabi, an kunyata mu gaban baƙi. In aka kunyata mu, an riga an yanke cewa aikin zai koma hannun Muzuru. Shi nasa tsarin kwana uku ne, danƙo a reshe, a fige fiffike. Ba ni so a kai ga haka. Babban yatsanki kawai za ki ɗora a kan ƙafarsa har a gama. Ba riƙewa ba ce, tallafi ne."

Kwana uku tana juya maganar a ranta. Ta so ta gaya wa Jatau, sai ta ce a'a, in ya ji sunan Muzuru zai firgita, aikin wata uku ya rushe. Ta bar wa cikinta.

Ranar biki fili ya cika maƙil. Tsuntsaye suka yi layi a saman itatuwa, shiru, kowa ya zubo ido. Barmani ta miƙa yatsa ta ce, "Hau." Duk da ganguna, duk da ƙurar rawa, Jatau ya dubi fuskarta, ya sauko ya hau.

Ɓauna ya gyara murya. "Jama'a, baƙinmu masu daraja, yau ranar tarihi ce. Masu cewa wannan majalisa ba ta da amana, ga amana nan a kan yatsa, kowa ya gani da idonsa. Ba mu tilasta wa kowa ba, ba mu taɓa tilasta wa kowa ba. Abin da ya wuce ya wuce, kwamiti ma ya tabbatar bai faru ba. Yanzu zan ɗan taɓo tarihin majalisa tun kafuwarta, a taƙaice."

Makaɗa suka ji an ambaci tarihi, suka saki ganguna gaba ɗaya. Jatau ya zabura, ya ɗaga fiffike. Barmani ta hango Muzuru a gefen rumfa yana lasar hannu. Ta sauke babban yatsanta a kan ƙafar nan mai karyayyen yatsa, a hankali, ko ƙwai ba zai fashe ba.

Jatau bai yi fizge-fizge ba. Ya daina rawar jiki ma. Ya tsaya ƙyam, idonsa a kan yatsan, har Ɓauna ya gama taƙaitaccen tarihinsa rana ta karkata. Aka yi ta tafi, baƙi suka ce ba su taɓa ganin tsuntsu mai natsuwa irin wannan ba.

Da ta ɗage yatsan ya koma reshen tsamiya. Ta bi shi ta gaya masa komai, da Dila, da danƙo, da Muzuru. Ta ce, "Don kai na yi, ɗan nan. Ban matse ba."

Ya ce, "Na sani, Iya, ba ki matse ba. Shi ma mai kejin bai matse ba ranar farko." Ya ƙara da cewa, "Da kin gaya mini, da na zauna don kaina, ko jawabin zai kai gobe. Wata uku ina koyon yarda da ke. Ashe ke ba ki fara koyon yarda da ni ba."

Ta juya ta koma wurin jikokinta. Washegari tsuntsayen dajin kaf suka ƙetare kogi, Jatau a tsakiyarsu.

Aka ba Dila lambar yabo, aka buɗe makarantar koyar da amana, Muzuru ne shugabanta. Barmani kuwa har yau da hantsi takan je gindin tsamiya da zangarniyar gero, ta zauna a karkace, tafin hannunta a buɗe, tururuwa na kwashe geron. Ciyawa ta bushe ƙayau, rani ya kusa. Ta hana jikokinta yin nisa, kuma ta koyi zama tana fuskantar iska, ko hancinta na tsohuwa zai jiyo hayaƙi da wuri. Ta san ba zai jiyo ba.

Majalisa kuwa, a zamanta na ƙarshen shekara, ta sanar, cikin farin ciki, cewa tun daga Ranar Amana ba a sake samun tsuntsu ko ɗaya a dajin da ya ƙi hawa hannu ba.