Makon da Hayaƙi Bai Tashi a Gidana Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na daina hura wuta a gidana, kuma ko ni na so in manta, matan layinmu a Rano ba za su bari ba. Har yanzu in muka haɗu a gidan suna sai wata ta leƙo ta ce, "Maman Sadiya, yau an ɗora, ko mu aiko?"

Babban ɗana ne ya jawo (ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne, ku yi min uzuri). Aikin haɗa sola yake yi a Kano, shi ya sa mana ita a gida muka huta da zaman duhu. Wata rana sai ga shi da kwali, ya dire a gabana. Tukunya ce ta lantarki, cikinta na tangaran, murfinta na gilashi, wai a wurin masu kayan gwanjo ya samo. Ya ce, "Umma, wannan ba ta gaggawa. Ki zuba komai da safe, ki jona, ki manta da ita. Kafin la'asar ta gama. Kuma ba ta shan wuta, solar nan ta ishe ta."

Na ce, "Wa zai riƙa juyawa?"

Ya ce, "Ba a juyawa."

"In ta kama fa?"

"Ba ta kamawa, Umma."

Ban yarda ba, sai da na gwada. Na zuba wake washegari, na ja kujera na zauna ina kallon ta kamar mai jinya. Ba ƙara, ba tiriri, sai ɗan gumi a jikin murfin. Da yamma na buɗe, na ɗauki ƙwaya ɗaya na matsa da yatsa, sai ta narke kamar man shanu. Ba kanwa fa, ko ƙanƙani. Na tashi na taka rawa ni kaɗai a ɗaki, da shekaruna da komai.

A nan ne tunanin Inna ya faɗo min. Inna mahaifiyata ce, tana Unguwar Gai ta Kibiya, kuma a wurinta duk duniya ita kaɗai ta iya dafa wake. Mu 'ya'yanta mata duk ta gwada mu ta ce mun faɗi. Nawa kuwa cewa take yi, "Waken nan naki, sai mai haƙori ya yi alwashi." Na yi jika, amma maganar nan ba ta daina yi min ciwo ba. To ga shi ta aiko cewa za ta zo ranar Juma'a mai zuwa ta kwana mana. Na ce shi ke nan, ranar zan rama. Zan zaunar da ita a tsakar gida, ta ga murhu babu wuta, ta fara faɗa, sannan in shiga ɗaki in fito da miyar wake tana turiri. In ga yadda bakinta zai yi.

Amma sai an ɓoye. In Lami maƙwabciyata ta sani, to Kibiya ta sani kafin azahar, don ƙanwarta a can take aure. Saboda haka na kai tukunyar uwar ɗaki, bayan gado. Na kama maigidan na ce, "Malam, don Allah kada ka gaya wa kowa." Ya ce, "Ni wa zan gaya wa maganar tukunya?" Ya sa hularsa ya tafi shagon ɗinkinsa. Mu biyu ne kawai a gidan, auta tana makarantar kwana, don haka tukunyar ta ishe mu. Na shiga gwaji: yau faten doya, gobe dafa-duka, jibi wake da alayyahu. Koko kuma da safe a saya. In ƙamshi ya fara fita sai in rufe taga in kunna turaren tsinke a bakin ƙofa. (Ni a ganina wayo nake yi.)

Sai maganar nama. Ina da wani talotalo da na daɗe ina kiwo, ƙato, mafaɗaci, ba baƙon da bai kora ba. Ɗana ya ce in an kyafe naman talotalo aka sa a wake, ba a magana. Ya ɗaure shi a bayan babur ranar kasuwa ya tafi da shi, ya sa aka yanka aka kyafe a Kano, aka kawo min a rufe cikin kwali. Mai itace kuwa da ya yi sallama, daga bayan ƙyaure na ce masa, "Ka dakata da kawowa tukuna, sai na neme ka."

Ana nan Lami ta shigo ɗiban wuta, ashanarta ta ƙare. Ta sunkuya a murhu, ta tona toka, sanyi ƙalau. Wata kazata ma har ta fara kwanciya a ciki. Ta ɗago ta ce, "Yau ba ki ɗora ba?"

Na ce, "Ai mun ƙoshi." Na yi wani murmushi mai nufin ke dai jira ki gani.

Ta ce, "Ina talotalon? Yau na shigo lafiya."

Na ce, "Ya yi tafiya." Na ƙara murmushin.

Daga baya Lami ta rantse min cewa murmushin nan irin na mai haɗiye kuka ne, wai da ta koma gida ita ma sai da ta share hawaye.

Ranar Juma'a tun da hantsi na haɗa kayana. Farin wake na tsince na wanke, na yayyanka albasa, na jajjaga attaruhu da tattasai (a ɗaki, da ƙaramin turmi, a kan tsumma don kada a ji), ga daddawa, ga citta da tafarnuwa, ga ɗan manja. Na jera naman talotalon a sama, cinya da fiffike, launinsa ja-ja yana ƙamshin kyafi. Na zuba ruwa, na rufe, na jona. Wallahi zuciyata rawa take yi kamar ranar da aka kai ni ɗaki. Na share tsakar gida har inda ba a sharewa, na shimfiɗa sabuwar tabarma daidai inda za a fi ganin murhu.

Inna ta iso bayan an sauko daga masallaci. Muka gaisa, na kawo ruwa. Ina kallo ta gefen ido ta dubi murhun, ta dubi inda ake jibge itace, ta dubi kazar da ke kwance. Na ce a raina, yauwa, fara. Amma ba ta yi faɗa ba. Sai ta dube ni ta ce, "Kin rame."

Ni da zanena ke neman gaza ni. Na ce, "Haba Inna." Na ƙi tada maganar tukunya, don naman yana buƙatar ɗan lokaci, kuma so nake yunwa ta ɗan taɓa ta tukuna.

Sai aka yi sallama ƙasa-ƙasa. Iya Rabi ce, dattijuwar layinmu, wadda ƙafa ta hana ta fita sai da dalili. Ta shigo tana ɗingishi, da abu a ƙarƙashin mayafi. Ta gaida Inna, ta ja ni gefe, ta miƙo min kwano mai zafi. Ita a tunaninta raɗa take yi, amma Iya Rabi kunnenta ya yi nauyi, raɗarta har zaure ake ji. Ta ce, "An ce kin yi baƙuwa. Ungo tuwon nan ki juye a kwanonki, ki ce ke kika yi. Ban aiko yaro ba don kada zance ya fita."

Na buɗe baki ke nan sai ga Lami, ɗaurin itace a ka, ƙullin shinkafa a hannu. Bayanta matar mai chemist da langa. Bayanta wata amarya da ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba, da kwanon miyar kuka. Kowa ta ajiye a gefen murhu ta ce, "Allah ya kawo sauƙi," ba ta kallon idona.

Na ce, "Sauƙin me? Wa ba shi da lafiya?"

Lami ta dafa ni ta ce, "Ki bari, Maman Sadiya. Mako guda hayaƙi bai tashi a gidan nan ba. An ga an fita da talotalo kasuwa. Kin sallami mai itace. Ai mu ba baƙi ba ne, kowa yana shiga irin wannan."

Jama'a, sai a lokacin na gane. Na juya na dubi Inna. Ta riga ta jawo takalminta.

Daidai nan Malam ya yi gyaran murya ya shigo. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa can nesa kamar yadda ya saba gaida Inna. Tun da aka yi aurenmu maganarsu ba ta wuce gaisuwa, ita tana kallon bango, shi yana kallon ƙasa. Bayan sun gaisa ya ɗan juyo wajena ya ce a hankali, "Wai buhun masarar wane ne a zaure? An ce min nawa ne, an ƙi faɗin wanda ya kawo."

Inna ba ta dube shi ba. Bango ta duba, ta ce, "A gaya wa maigidan nan, rumbuna a Unguwar Gai bai ƙare ba. Babu ba abin kunya ba ce, kowa na gamuwa da ita. Amma a ce 'yata na kwana da yunwa, sai dai in ji a bakin maƙwabta?" Sannan ta ce min, "Ke, ɗauko mayafinki. In hali ya samu, ya san hanya."

Mutumin nan bai taɓa barin mu mun kwana ba abinci ba. Ko lokacin da keken ɗinkinsa ya lalace ana tsakiyar aikin sallah, da kwanon gero yake shigowa. Ga shi a durƙushe a gaban surukarsa da matan unguwa, ana masa kallon wanda ya gaza, saboda ni ina son in ji an ce na iya wake. Can sai ya ce, "Ashe shi ya sa." Ya ɗago ya dube ni. "Duk makon nan in na fito daga masallaci sai a riƙe min hannu a ce Allah ya yaye. Ni kuma in ce amin, ban san me ake yaye min ba. Ke, ɗauko tukunyar nan."

Da gudu na shiga. Na cire ta, na rungumo ta da tsumma, igiyarta na jan ƙasa a bayana. Na dire a tsakiyar tabarma, na ɗaga murfin. Turiri ya tashi, ƙamshin da na yi mako ina dannewa ya cika gidan. Waken ya yi lugub, romon ya yi kauri, naman talotalon ya saki ƙashi da kansa. Yadda na tsara, a nan ne ya kamata in ɗaga kai. Kaina kuwa ya fi na Malam kusa da ƙasa. Na yi bayani cikin in'ina, na ɗana, na sola, na ba a juyawa.

Iya Rabi ta sa hannu a kunne ta ce, "Me ta ce?"

Lami ta ɗaga murya, "Ta ce ba yunwa ba ce, Iya. Gayu ne."

"To tuwona fa?"

Matan suka fashe da dariya, har da amaryar da ke rufe baki da mayafi. Lami ta zauna a kan itacenta tana cewa, "Ni da na hana kaina barci ina tausayinki, ashe ke kina bayan gado kina cin talotalo."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ajiye takalmin, ta sake duban bango ta ce, "A ce da maigidan nan ya yi haƙuri. Ni na haife ta, na san halinta, da ita ya kamata in fara." Malam ya ce, "Ba komai, Inna," ya tashi ya fita da saurin da ban taɓa gani ba. Sannan ta ce in ba ta cokali. Ta ɗiba, ta hura, ta tauna, ta daɗe tana kallon sama. Ta ce, "Tukunyar ta iya wake."

Tukunyar fa, ba ni ba.

Kuma ba a nan aka tsaya ba. Inna ta ce a gidansu ba a mayar da kwano wayam. Ta sa na juye abincin mutane, na wanke kwanukan, ita da kanta ta riƙe ludayi tana rabawa: na Iya Rabi da cinya, na Lami, na matar mai chemist, na amarya. Ta cika na Malam, ta cika nata. Na leƙa tukunyar, sai ƙashin wuya. Na yafa mayafi na bi gida-gida ina miƙawa, ina maimaita bayani, kowane gida da irin dariyarsa. Malam kuma sai da ya yi kwanaki yana bin sawun mai buhun masara.

Da na dawo yunwa ta ci ni, ta gaske wannan karon. Na zauna a gefen murhu na jawo tuwon Iya Rabi da miyar kukar amarya, na cinye tas. Inna na kallona tana suɗe ƙashin talotalona.

Abin da na koya shi ne, a layinmu ba ka isa ka yi sirri da murhunka ba, don ba kai kaɗai kake duba shi ba. Yanzu duk wani sabon abu da ya shigo gidana, ko cokali ne, Lami nake fara kira ta gani. Ya fi sauƙi a ce na cika nuna kaya da a sake haɗa min taimako.