Shekarar da Aka Inganta Gyaɗar Nomau

A Jihar Kurmin Ɗinya kowa ya san matsayinsa, kuma an daɗe ba a yi gardama a kai ba. Masu cin nama ke riƙe da ofis, masu cin hatsi ke riƙe da fartanya. Zaki ne Gwamna. Ma'aikatar Gona kuwa, tun da aka kafa ta ba a taɓa damƙa ta ga wanda ya san ɗanɗanon gero ba, wai don kada ya nuna son kai. Saboda haka Kura ce Kwamishina, Dila ne Daraktan Wayar da Kan Manoma, Ungulu kuma ita ke gadin rumbun gwamnati, wanda babu komai a cikinsa sai inuwa mai sanyi.

Ma'aikatar kan yi wata tara tana gyangyaɗi. Abin da ke tashinta shi ne zuwan shamuwa. Manomi in ya ga shamuwa ya san damina ta kawo kai, sai ya duba sungumi. Ma'aikaci in ya gan ta sai ya share ofis ya wanke rigarsa, domin shamuwoyin nan sun kafa gidauniyar tallafa wa manoma a can ƙasashen da suke cin rani, kuma sun ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da Ma'aikatar. Tsuntsaye ne masu kirki, babu mai musun wannan. Sai dai abincinsu fara ne da kwaɗi, kuma duk gonar da suka sani daga sama suka hango ta.

A can jigawar yamma akwai wani kurege mai suna Nomau, manomin gyaɗa. Dukiyarsa kaf tulu guda ne na iri, 'yar ƙaramar gyaɗa ja da ya gada wurin ubansa. Kowace kaka shi da matarsa Ladingo kan zauna su ɓare, su tsince ƙwaya-ƙwaya, su gauraya da toka, su liƙe bakin tulun da laka. A bazarar nan sun yi sati uku suna cin tafasa gaya, tulun na kallonsu suna kallonsa, ba wanda ya kai hannu. Abin da ke ciki shi ne gonarsu ta bana, babu wani a bayansa.

Ranar da shamuwa suka sauka, Darakta Dila da kansa ya zo har ƙofar ramin Nomau ya shaida masa cewa an zaɓe shi manomi abin koyi. Za a yi bita ta kwana bakwai, kuma kowane manomi zai zo da irinsa a tantance shi a inganta, wannan ita ce gudummawar masu cin gajiyar shirin. Ya ƙara da cewa, ba wai barazana ba ce, amma filin duk wanda bai zo ba ana iya mayar da shi gonar gwaji. Ladingo ta ce a kai musu rabi a ɓoye rabi. Nomau ya ƙi. Gaskiyar magana, tsoro ya taka rawa, amma kalmar nan ta abin koyi ita ta fi shiga kansa, don shekara talatin yana noma ba wanda ya taɓa kiransa da komai sai Nomau. Ya ɗauki tulun ɗungurungum ya bi bayan Dila yana ɗaga jela.

An yi taron buɗewa a gindin babbar tsamiya. Kuraye a gaba, shamuwoyi a kan reshe, manoma a rana: zomaye, gafiyoyi, beguwa, da jakuna biyu da aka kawo don cika hoto. Kwamishina Kura ta miƙe ta gyara murya.

“Ya ku manyan baƙinmu, ya ku manomanmu masu albarka. An daɗe ana noma a jihar nan cikin duhu. Manomi ya tashi ya shuka, ba wanda ya koya masa. Ya girbe, ba wanda ya ba shi takarda. Wannan gwamnati ta ce ya isa haka. Daga yau babu ƙwayar da za ta shiga ƙasa sai ta bi ta hannun hukuma.”

Aka yi tafi. Shugabar shamuwoyi ta ce zuciyarta ta cika, ta kuma roƙi alfarma guda, cewa kowane manomi ya dangwala yatsa safe da yamma, don a can gida ba a yarda da komai sai an ga yawan kawuna. Aka tattara tuluna da ƙorai da jakunkunan iri aka shige da su bayan ofis.

Kwana na biyu, ana cikin darasin ma'anar gona, hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi ruwa mai nauyi, irin wanda ke jiƙa ƙasa har kamu guda. Ƙamshin ƙasa ya taso, manoma suka fara mutsu-mutsu kamar masu zaune a kan tururuwa. Nomau ya ɗaga hannu ya nemi izinin kwana biyu kacal, a ba shi tulunsa ya je ya shuka ya dawo. Dila ya yi murmushi ya nuna shi ga baƙi, ya ce irin wannan gaggawar ce aka zo magancewa. Ya ce iri yana hannun ƙwararru, kuma darasin lokacin shuka sai ranar Alhamis.

Ranar Alhamis ɗin aka yi darasin. Dila ya zana girgije a allo, ya zana kibiya daga girgijen zuwa ƙasa, ya ce manomin zamani ba ya barin danshin ruwan shuka ya wuce shi. Aka sa su maimaita sau uku. Nomau ya maimaita tare da kowa, idonsa na kan ƙasar da ke gindin ƙafarsa, wadda ta fara yin fari-fari daga sama. Takaici ya hana shi cin abincin rana. Duk da haka ya lallashi kansa da cewa wani ruwan zai zo, muddin iri na nan ai ba a yi asara ba.

Ranar rufewa Gwamna Zaki bai samu zuwa ba, amma ya aiko da gaisuwa da gurnani ɗaya a rubuce. Aka fito da iri cikin fararen buhuna, kowanne da hoton shamuwa da kura suna musabaha, an rubuta sunan mai shi a jiki. Nomau aka fara kira, a matsayinsa na abin koyi.

Tun kafin ya kwance bakin buhun hancinsa ya gaya masa. Ƙamshi ne mai daɗi, irin na bakin kasuwa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza, jan ɓawon ya sulɓe, cikin ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, ta rabe biyu a tafin hannunsa. Shi da ba ya iya haɗa ido da kura, bai san lokacin da ya juya ya fuskanci Kwamishina ba.

“Ranki ya daɗe, an soya mana iri.”

Dila ya taso a natse, kamar dama tambayar yake jira. Ya bayyana cewa ya taɓa halartar kwas a ƙasar shamuwa, inda aka tabbatar masa zafi na kashe ƙwarin hatsi. Da aka buɗe tulunan manoma kuwa an tarar da iri cikin toka da ƙazanta, abin kunya a gaban baƙi. Shi ne Ma'aikata ta wanke shi, ta juya shi a yashi mai zafi, ta ɗan yayyafa gishiri don ya daɗe. Ya buɗe yarjejeniya ya karanta sharuɗɗan ingantaccen iri guda uku: ya zama babu ƙwari, ya zama ba ya ruɓa da wuri, manomi kuma ya karɓe shi hannu biyu. Ya tambayi Nomau wanne ne ba a cika ba.

“Ba zai tsiro ba, ranka ya daɗe,” in ji Nomau. “Ko shekara aka yi ana ruwa.”

Shugabar shamuwoyi ta sauko daga reshe, da alama abin ya dame ta da gaske. Ta karɓi takardar ta duba gaba ta duba baya, ta kira mataimakanta suka haɗa dogayen bakuna suna ƙus-ƙus. Can ta ɗago da sauƙi a fuskarta ta ce batun tsirowa ba ya cikin abubuwan da aka amince za a auna a wannan zango, amma shawara ce mai kyau ƙwarai, kuma za a rubuta ta. Kwamishina Kura ta ce wannan shi ne amfanin bita, ga shi cikin sati guda talakan kurege ya iya tsayawa gaban hukuma yana fashin baƙi a kan kimiyyar iri. Ta sa aka yi masa tafi, aka ƙara masa takardar yabo a kan ta halarta. Aka miƙa wa sauran manoman nasu buhunan. Kowa ya leƙa buhunsa ya shinshina ya ɗaure, ya dangwala yatsan ƙarshe.

A gona ya tarar da Ladingo. Tun ranar da aka yi ruwa ta ɗauki sungumi ita kaɗai ta sare gonar kaf, layi-layi, don in ya dawo zuba iri kawai ya rage. Ramukan na nan a jere har gindin kalgon da ke iyaka, bakinsu ya bushe. Ya ajiye buhun a gabanta, ya kasa kallonta saboda kunya. Ta kwance, ta murza ƙwaya ɗaya, ta daɗe tana duban tafin hannunta. Ya so ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi.

“Malam, me aka koya muku?”

“An ce kada mu bari danshi ya wuce mu.”

Ta gyaɗa kai. Ta zauna a kan kunyar gona, ta ɗebo cikin hannu ta zuba masa, ta ɗebi nata.

“To ci. Sati uku muna cin tafasa saboda ita.”

Suka zauna a bakin gonar suna ci. Hawaye na zubo wa Nomau yana taunawa, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gyaɗar ta soyu yadda ya kamata.

Daidai lokacin ne ayarin shamuwoyi ya bi ta sama, suna zagayen duba yadda shirin ya karɓu. Suka hango gona an sare ba a shuka ba, ga manomi abin koyi da matarsa sun buɗe buhun ingantaccen iri suna watsawa a baki. Abin ya ba su tausayi matuƙa. A rahoton da suka aika gida sun rubuta cewa babbar matsalar Kurmin Ɗinya ita ce manoma na cinye irinsu saboda ƙarancin ilimi, don haka sati ɗaya ya yi kaɗan. Gidauniya ta amince da zango na biyu nan take. Bitar baɗi ta sati biyu ce, kuma an roƙi kowa ya zo da geronsa.